Furen da Ya Kori Malam Haladu

Warin ne ya fara dukan Rahama tun kafin idonta ya ga komai. Da ta kifa tukunyar a tsakar gida, wani baƙin ruwa ya tsiyayo ya bi ƙasa, mai ɗoyi kamar na kwatar da aka daɗe ba a yashe ba. Ta riƙe shukar a wuya ta girgiza a hankali. Saiwoyin suka fito a cukurkuɗe, sun yi baƙi, sun yi laushi tiɓis. Ta matsa guda da yatsa, ta fashe, ta bar mata wani siririn zare a hannu.

"Ya mutu ko?" in ji mahaifinta.

Malam Haladu na tsugune a gefenta, hularsa a kan gwiwa. Hantsi ne na ranar Asabar, lokacin da Rahama ba ta saba ganinsa a gida ba tun da ta yi wayo. Shekara ashirin da shida yana kula da lambun gidan Alhaji Aminullahi, can sabuwar unguwa a hanyar Maigatari. Ya fita da sanyin safiya, ya dawo dab da magariba, hannuwansa na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Bai mutu ba tukuna, Baba. Amma ya kama hanya."

Inna Jannatu ta leƙo daga madafa, muciya a hannu.

"Wai ni Malam, a kan wannan ganyen aka kore ka? Wannan da ko akuya ba za ta kalla sau biyu ba?"

Furen wai shi okid, shukar ƙasashen waje. 'Yar Hajiya Murja, matar Alhaji, ita ta aiko wa uwarta da shi daga Abuja wata uku da suka wuce, da fararen furanni tara jere a sanda guda. Hajiya ta sa shi a tukunyar tangaran mai ruwan zinari, ta ɗora a teburin falo, duk baƙuwar da ta zo sai an nuna mata. Ita da kanta take ba shi ruwa safe da yamma, wai zafin Gumel ba abin wasa ba ne. Sau ɗaya Malam Haladu ya lura ya ce, "Hajiya, tukunyar nan fa ba ta da huji a gindi." Ta ce masa wannan ba yakuwa ba ce, ya tsaya a kan abin da ya sani. Sai da furannin suka zube, ganyen ya yi yaushi, sannan aka kira shi aka ce ya gyara. Kwana huɗu kacal furen ya yi a hannunsa.

"Ta ce ni na kashe mata shi," Malam Haladu ya faɗa yana kallon ƙasa. "Ta ce in jefa shi a bola in zan wuce, kada in ƙara taka mata gida. Na ba ta haƙuri har ƙasa. Shi ne ta ce ranar da furen nan ya rayu, ranar zan dawo."

Rahama ta ɗago ta dube shi. Ta san irin wannan maganar, ƙanwar "sai jaki ya yi ƙaho" ce. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga yadda yake kallon shukar, ta rufe.

"Ke da kika yi karatun aikin gona," ya ce, "ki duba mini."

Shekara uku takardar difilomarta na kwance a ƙasan akwati, tana koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar kuɗi da ke bayan tasha. Yau ne karon farko da wani ya tuna abin da ta karanta.

* * *

Ba a koya musu okid a kwaleji ba. Gero aka koya musu, da wake, da riɗi. Amma ruɓewar saiwa duk ɗaya ce, sauran kuma ta bincika a wayarta. Ta tafi kasuwa ta sayo sabuwar reza, da kirfa a wurin mai kayan shayi, ta roƙi ɓawon kwakwa a wurin mai dabino.

Ta wanke saiwoyin tas, ta gasa bakin rezar a wuta, ta shiga yanka. Duk wadda ta matsa ta ji laushi sai ta datse ta daga tushe. Malam Haladu na ƙirgawa da ido, kowace ta faɗi sai fuskarsa ta motsa kamar a jikinsa ake yankan. Cikin saiwa kusan ashirin, biyu ne suka rage, gajeru, masu tauri, masu launin toka. Ta barbaɗa garin kirfa a bakin raunukan don kada su sake ruɓewa, ta ajiye shukar a inuwa ta sha iska har la'asar.

Shi ya huhhuda ƙaramar tukunyar ƙasa da ƙusa, gindi da gefe, bai fasa ta ba. Rahama ta dafa ɓawon kwakwar da ɓawon itace, ta shanya, ta haɗa da gutsattsarin gawayi, ta zaunar da shukar a kai, ta tokare ta da tsinke. Ta kai ta gindin randa a ƙarƙashin rumfa, inda sanyi da danshi ba sa yankewa.

"Ina ƙasar?" ya tambaya.

"Ba ya son ƙasa, Baba. A can garinsu jikin itatuwa yake maƙalewa. Saiwarsa iska take so."

"Shuka ba ƙasa." Ya girgiza kai. "Ruwa fa?"

"Sau ɗaya a mako. Na sama, in mun tara. A zuba ya tsiyaye, shi ke nan."

Ya sake girgiza kai, irin na wanda bai yarda ba.

Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Damina ta kankama, gero ya rufe gonakin bayan gari, amma furen ko gezau. Ganyensa huɗu sun yamutse kamar fatar tsohuwa. Malam Haladu kuwa kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya sa kayan aikinsa, ya share sirdin kekensa, sannan ya tuna an kore shi. Sai ya shimfiɗa tabarma kusa da randa ya zauna. Ya kira Alhaji a waya ya fi a ƙirga. Ranar da aka ɗauka, abin da Alhaji ya ce daga Dutse shi ne, "Harkar cikin gida ce wannan, ka ga Hajiya," ya kashe. Babu takardar ɗauka balle ta sallama. Da baki aka ɗauke shi, da baki aka kore shi.

Inna ta fara karɓar surfe da wankau a maƙwabta. Miya ta tsinke, tuwon rana ya koma kunu. Ba wanda ya yi maganar.

* * *

Wata Laraba a mako na uku Rahama ta dawo daga makaranta, kanta na sarawa saboda ihun yara, ta tarar ganye guda ya faɗi. Ta ɗaga tukunyar ta ji ta yi nauyi. Ta cusa yatsa tsakanin gawayin, ya fito da baƙar ƙasa mai danshi da ɓurɓushin kashin awaki.

"Wa ya taɓa tukunyar nan?"

Inna ta ci gaba da tankaɗe ba ta ɗago ba. Malam Haladu ya yi gyaran murya daga kan tabarma.

"Ɗan taki ne na sa masa, yau kwana shida. Na ga kamar yunwa ce ke damunsa."

Ta zazzage tukunyar a ƙasa. Ɗaya daga cikin saiwoyin biyu ta riga ta yi baƙi.

"Baba, na ce ba ya son ƙasa! Na faɗa, na maimaita! Mako uku ina fama da abin nan, sai ka sake yi masa abin da Hajiya ta yi masa?"

"Rahama," in ji Inna.

"Ni na dasa kowane itace da ke gidan can tun ba a haife ki ba," in ji Malam Haladu. "Yau ke za ki koya mini..."

"To me ya amfana maka? Sun kore ka kamar wanda ya yi sata! Wallahi Baba ko fure ɗari abin nan ya yi ba za su mayar da kai ba. Gatse ta yi maka. Kowa ya gane, kai kaɗai ne ba ka gane ba!"

Rariyar Inna ta tsaya. Tunda Rahama take ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba. Ta ji maganar tana yawo a tsakar gidan, ba halin kamo ta.

Malam Haladu ya murza carbinsa.

"Kina zaton ban san gatse ba? Na sani tun a bakinta. Amma in ban riƙe wannan ba, me zan riƙe? Shekarata sittin da uku. Gonar gado ta tafi tun jinyar kakarki. Ki faɗa mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa."

Ta gasa reza ta yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, hawaye na hana ta gani sosai. Saura guda ɗaya.

Washegari ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe ba ta tashi ba.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, kada ki makara. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa." Ya nuna tukunyar da haɓa. "Ba zan ƙara sa masa hannu ba. Sai dai ido."

Ya kuwa cika alkawari. Ya zama mai gadin fure, kamar yadda abokansa na majalisa suka laƙaba masa. Ya kori kaji, ya ja tukunyar in rana ta leƙo ƙarƙashin rumfa, ya shigar da ita ɗaki in hadari ya taso da iska. Ranar da za a ba furen ruwa sai ya tsaya a kan Rahama yana kallo, hannuwansa a bayansa kamar wanda aka ɗaure.

* * *

A mako na takwas ne ya ƙwala mata kira da sassafe, tana cikin ɗaura ɗankwali.

"Rahama! Zo ki gani! Jannatu, ke ma zo!"

A gindin shukar, sama da tsohuwar saiwar, wani ɗan tsiro ya ɓullo, kore shar, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Kafin mako biyu sun zama uku, suna miƙewa suna laluben ɓawon kwakwa. Daga tsakiya kuma sabon ganye ya leƙo, ƙarami, mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Rahama da kanta sai da ta ji ƙirjinta ya buɗe. Abin da ta karanta ya yi aiki, a hannunta, a gidansu.

"Mu bari ya yi fure, Baba," ta ce. "Sai dai zai ɗauki watanni."

"Cewa ta yi ya rayu. Ai ga shi ya rayu."

Ya sa Inna ta wanke masa rigarsa ta Juma'a. Ya wasa almakashin lambunsa ya sa a aljihu. Ya ɗauko tukunyar tangaran ɗin Hajiya, wadda ya wanke ya adana tun ranar farko, ya naɗe ta a tsumma mai tsabta. Rahama ta nemi izini a makaranta, ta rungumi tukunyar ƙasar, suka tafi.

Ɗanjuma mai gadi, wanda suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya da Malam Haladu, ya buɗe ƙaramar ƙofa ya gaishe su yana kallon takalmansa.

"Malam Haladu, da ka yi mini waya tukuna."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Hajiya na barci. Ku zauna."

Suka zauna a benci tun ƙarfe goma har aka kusa kiran azahar. Da aka ce su shiga, Malam Haladu ya yi taku uku a harabar ya tsaya cak. Inda layin lemo da gwaiba yake a da, yanzu shimfiɗar bulon siminti ce fes, motoci biyu na fake a kai. Can gefe an tara kututture, saiwoyinsu na kallon sama. Mangwaro biyu kawai aka bari a jikin katanga. Ya kalla, ya kalla, sannan ya gyara riƙon ƙullinsa ya ci gaba da tafiya.

Sanyin falon ya ratsa Rahama har ƙashi. A kan teburi ga okid nan, sanda uku, furanni jajaye da farare sun cika. Sai da ta ƙura ido ta ga layin ɗinki a gefen ganyen. Na roba ne.

"A'a, Baba Haladu! Kwana biyu! Ya iyali?" Hajiya Murja ta fito tana murmushi, waya a hannu, kamar jiya suka rabu lafiya. Idonta ya sauka a kan ƙullin. "Kai, tukunyata! Wallahi na neme ta har na gaji. Allah ya yi maka albarka."

Ya durƙusa, ya karɓi tukunyar ƙasar daga hannun Rahama, ya ajiye a gabanta da hannu biyu.

"Ga furenki, Hajiya. Allah ya raya shi. Ga sabon ganye, ga saiwa uku."

Ta ɗan sunkuyo. "Ina furen? Ni ganye nake gani."

"Zai yi nan gaba, in sha Allahu. Dama kin ce ranar da ya rayu in dawo."

"Ni?" Ta yi dariya, har da dafa ƙirji. "Kai Baba Haladu, ashe ka riƙe? Ai ɓacin rai ne. Kuma ka ga yadda aka mayar da gidan. Alhaji ya ce lambun sauro kawai yake tara mana, ga motoci ba wurin ajiyewa. Dama tun bara muke neman yadda za mu gaya maka. Ka tsufa, Baba, ka je ka huta. Ba ga 'ya'ya sun girma ba?"

Tun bara. Rahama ta ji kalmar ta sauka mata kamar mari. Ashe mako goma da ta yi tana lallaɓa saiwa, da faɗan da ta yi da mahaifinta, da kunun da suka sha, duk a kan hukuncin da aka yanke tun furen bai zo garin ba.

"Hajiya," ta ce, ba ta san sanda bakinta ya buɗe ba, "ba Baba ne ya kashe furen nan ba. Ruwa ne ya yi masa yawa, kuma tukunyar ba huji. Ya gaya miki. Shekara ashirin da shida, in sallamarsa za a yi, ai ba sai an ɗora masa laifi..."

"Rahama!"

Bai taɓa yi mata tsawa irin wannan ba. Murmushin Hajiya ya ɗauke. Malam Haladu ya ƙara sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa gwiwa.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Yarinya ce, ba ta san magana ba. Laifina ne. A gafarce mu."

"Ba komai," in ji Hajiya, tana duba wayarta. "Yaran yanzu ne, in sun yi boko." Ta shiga ciki ta fito da baƙar leda. "Ga tsofaffin kayan Alhaji nan, za su yi maka. Furen kuma ku tafi da shi, tunda ta iya."

"Mun gode, Hajiya. Allah ya ƙara arziki. A gaida Alhaji."

Da ƙafa suka koma gida a cikin ranar, shi a gaba da ledar, ita a baya da tukunyar. Adaidaita sahu biyu suka tsaya musu, bai ko waiwaya ba. Sai da suka kai bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Faɗan da ya fi ƙarfinka, wasa ake mayar da shi." Ta mayar da furen gindin randa. Ba ta ce komai ba, don ta san in ta buɗe baki abin da zai fito ba na faɗa wa uba ba ne.

* * *

Bayan mako biyu aka fara yankan riɗi. Malam Haladu ya daina dawowa daga masallaci da wuri. Ya ce wa Inna karatu suke tsayawa yi bayan asuba.

Ranar Litinin Rahama ta bi ta bakin tasha za ta makaranta, wajen ƙarfe bakwai. A gindin darbejiya 'yan ƙwadago sun taru da laujensu, suna jiran masu gonaki. Wata a-kori-kura ta tsaya, wani mai jar hula ya leƙo ya ce mutum goma yake so, gona a Gagarawa. Samari suka yi caa a kansa.

A cikinsu ta hango mahaifinta. Ya ja hula har goshi ta rufe furfurarsa, yana turawa da kafaɗa, ya ɗaga lauje sama don a gan shi.

"Kai, da kai, da kai," mai jar hula yana nunawa. Da yatsansa ya zo kan Malam Haladu sai ya tsaya. "Baba, a yi haƙuri, ranar da zafi." Ya wuce kan na bayansa.

Motar ta cika ta tashi. Waɗanda suka rage suka ruga wajen wata da ta tsaya a gaba. Shi bai bi su ba. Ya sauke laujen a hankali, ya juya, idonsa ya faɗa cikin nata daga tsallaken titi.

Nan take ya sunkuya, ya kama maɗaurin takalminsa kamar ya tsinke.

Rahama ta ja hijabinta ta rufe gefen fuska, ta wuce da sauri kamar ba ta ga kowa ba. Sai da ta kai kwanar makaranta ta waiwaya. Yana nan a sunkuye a gindin darbejiyar, laujen a ƙasa kusa da ƙafarsa, yana ta gyaran takalmin da ba abin da ya same shi.